Surname, first name da middle name: wane suna ke shiga wane gurbi a fom?

Tambaya: Sunana na yanka Muhammad, a gida Sani ake kirana, mahaifina Abdullahi, mu mutanen Gumel ne. Zan cike fom ɗin fasfo da na neman karatu a Ingila. Wani fom ya ce surname da given names, wani ya ce first name, middle name da last name, wani kuma family name da forename. Duk abu ɗaya ne? Wanne zan sa a ina? Maiɗakina ma tana son sanin ko dole ne ta ɗauki sunana.

Amsa: Malam Sani, kalmomin ne suke da yawa, amma gurbi biyu ne kawai a tsarin Turawan Ingila. Akwai sunan da aka raɗa wa mutum shi kaɗai, akwai kuma sunan da yake tarayya da 'yan gidansu. Na farko shi ne given name, shi ne forename, shi ne first name. A tsofaffin takardu za ka ga an rubuta Christian name, saboda a wajen baftisma a coci ake raɗa sunan. Musulmi in ya ci karo da wannan sai ya rubuta sunansa na yanka kawai, ba addininsa ake tambaya ba. Na biyu shi ne surname, shi ne family name, shi ne last name. Forename da surname sun fi yawa a takardun Birtaniya, first name da last name a na Amurka, fasfo da biza kuma sun fi amfani da surname da given names.

Cikin waɗannan, first name da last name su ne masu yaudara, domin matsayin suna a jere suke nunawa, ba aikinsa ba. Bature yana fara faɗin nasa sunan ya ƙare da na gida, kamar John Smith. Amma Xi Jinping na Sin, Xi ne sunan gidansu ko da yake shi ne a gaba, haka Kim a sunan Kim Jong Un. A makarantun Najeriya ma rajista da sunan uba take farawa, sai yaro ya tashi da jin ana kiransa Abdullahi Muhammad Sani, ranar da ya zauna gaban kwamfuta ya ga first name sai ya danna Abdullahi. Daga nan rikicin yake tsirowa. In fom ya ce last name, kada ka tambayi kanka wane suna ne ƙarshe a bakin malamin ajinku. Sunan gida ake nema.

Sai mu duba abin da Bature yake nufi da sunan gida, don nan ne tsarinsa ya rabu da namu. Surname suna ne na gado wanda ba ya sauyawa: kaka Smith, uba Smith, ɗa Smith, jika Smith. Ba haka Ingila ta taso ba. Kafin Normawa, mutanen arewacin Faransa, su ci ƙasar da yaƙi a 1066, yawancin mutane suna ɗaya gare su, in an so bambanta su a ƙara laƙabi. Masu filaye da sarauta ne suka fara gadar da sunan, talakawa suka biyo a hankali, zuwa wajen 1400 yawancin gidajen Ingila sun riƙe suna guda. Abin da ya taimaka wajen kafe sunayen shi ne rubutu, wato takardun haraji, na gadon fili da na kotu. Sunayen kuwa daga wurare huɗu suka fito. Akwai na sana'a: Smith maƙeri ne, Taylor tela, Baker mai gasa burodi. Akwai na wurin zama, irin Hill da Wood. Akwai na siffa, irin Brown, Short da Armstrong. Akwai kuma na uba: Johnson ɗan John ne, Williamson ɗan William, Mac a Sikotlan ɗa yake nufi, O' a Ayalan jika ko zuriya. Mutanen Wales sun daɗe suna yi irin namu, kowa da sunan ubansa da kalmar ap a tsakani, sai daga baya ap Rhys ya dunƙule ya zama Price, ap Hywel ya zama Powell. Yau wanda ake kira Baker wataƙila bai taɓa kwaɓa fulawa ba, Johnson kuma sunan ubansa na iya zama Peter.

Bahaushe yana da duk waɗannan kayan, bambancin shi ne bai kafe su ba. Sunan uba yana tafiya da zamani ɗaya ne: Abdullahi Musa ya haifi Sani Abdullahi, Sani ya haifi Fatima Sani. Wasu da sunan gari aka san su, kamar Aminu Kano, Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wasu ma sunan nasu na biyu ba na uba ba ne ba kuma na gari ba. Muhammadu Buhari sunan mahaifinsa Adamu, Buharin daga sunan Imam Bukhari aka ɗauko, amma duniya ta ɗauke shi a matsayin surname, 'ya'yansa kuma suka gaje shi. Gidaje irin na Dantata da na Bayero a Kano su ne suka fi kusa da abin da Bature yake nufi, domin sunan ya ratsa kaka, uba da jika.

To kai wanne za ka ɗauka? In kana da takardu a hannu, zaɓin ya riga ya wuce ka. Ka ɗauko takardar NIN, sakamakon WAEC ko NECO, shaidar digiri da bayanan BVN, ka ga wane suna ne ya zauna a gurbin surname a mafi yawansu, shi ke nan ka riƙe shi. Ga mai suna irin naka abin da ya fi faruwa shi ne surname Abdullahi, first name Muhammad, middle name Sani. Gumel ba ya shiga ko'ina sai in yana cikin takardun tun farko. Kada ka ƙara shi yanzu don kishin gari, suna na huɗu da ya bayyana a takarda ɗaya ya ɓace a wata sai ya ja maka zaryar kotu.

Wanda zai yi wa jariri rajistar haihuwa shi ne yake da damar zaɓi na gaske, kuma a ganina tsari mai suna uku ya fi sauƙin rayuwa: sunan yaro, sunan uba a tsakiya, sai suna guda da duk gidan zai riƙe, na kaka ko na gari. Ta haka nasaba ba ta ɓata ba, ga kuma surname ɗaya a fasfon uba da na 'ya'ya. Amfanin yana fitowa ranar da iyali za su nemi biza tare. Jami'in da ya ga uba Abdullahi, 'ya Sani, uwa Usman, zai nemi hujjar cewa gida ɗaya ne. Ba laifi ba ne sunayen su bambanta, amma sai an haɗa da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya mai ɗauke da sunan uwa da uba, da takardar aure.

Middle name a wajen Bature yawanci suna ne na biyu da aka raɗa wa jariri tare da na farko, wani lokaci kuma sunan gidan uwa. John Fitzgerald Kennedy, Fitzgerald sunan gidan mahaifiyarsa ne. Ba dole ba ne mutum ya mallake shi, wanda ba shi da shi sai ya bar gurbin fayau. Kada ya rubuta nil ko none, domin kwamfuta tana iya ɗaukar kalmar ta buga ta a matsayin suna. Mutum na iya samun biyu ko uku, kuma yana iya zaɓar a kira shi da na tsakiyar. Tsohon firaministan Birtaniya Gordon Brown sunansa na farko James, Boris Johnson nasa Alexander, Liz Truss nata Mary. Saboda haka zamanka Muhammad a takarda, Sani a baki, ba baƙon abu ba ne a can. Jami'o'i da wuraren aiki da yawa suna da gurbin preferred name ko known as, nan za ka sa Sani. Amurkawa suna son taƙaita na tsakiya zuwa harafi ɗaya, shi ne middle initial, sai ka ga akwati ɗan ƙarami an rubuta MI a kansa. S kawai za ka sa. Harry S. Truman ma S ɗinsa ba taƙaicen kowane suna ba ne.

Ga inda mutane suka fi faɗawa rami. Given names, da harafin s a ƙarshe, yana nufin duk sunayen da ba surname ba, na farko da na tsakiya a haɗe. In fom ɗin biza ya ce given names, Muhammad Sani za ka rubuta, ba Muhammad kaɗai ba. Fom ɗin gida Najeriya kuma yakan ce other names, a wani wuri yana nufin duk abin da ya rage bayan surname, a wani wuri yana nufin na tsakiya kawai in akwai gurbin first name daban. Amma a fom ɗin bizar Amurka, DS-160, tambayar ko ka taɓa amfani da other names wani abu ne daban: tsohon suna ake nema, wanda ka sauya, ko wanda mace take amfani da shi kafin aure, ko wani sunan da aka san ka da shi a aiki. Wanda ya taɓa yin sauyin suna a kotu dole ya bayyana tsohon a nan.

In ka karɓi fasfo, ka duba layuka biyu na haruffa da ke ƙasan shafin hotonka. Su na'ura take karantawa, kuma Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ita ta tsara su. Kowane layi yana da gurbi 44, suna yana da 39 a layin sama. Surname ne yake fara zuwa, sai alamar < guda biyu, sai sauran sunaye da < ɗaya a tsakaninsu. Naka zai fito ABDULLAHI<<MUHAMMAD<SANI. Duk abin da ke hagu da alamu biyun nan shi ne surname ɗinka a idon kowace ƙasa, ko da kai ba haka kake ji a ranka ba. Wannan wurin ba ya karɓar komai sai A zuwa Z, lambobi da alamar nan. Ƙ, ɗ da ɓ suna komawa k, d, b. Alamar hamza tana faɗuwa, Sa'idu ya zama SAIDU, Mu'azu ya zama MUAZU. Ɗan layin da ke haɗa suna biyu yana komawa <. Sunan da ya haura gurbi 39 ana datse ƙarshensa, mai dogon suna kada ya firgita in ya ga haka. Wanda fasfonsa yake da suna ɗaya tal, Amurka tana sa sunan a gurbin surname, ta rubuta FNU a gurbin given name, ma'ana ba a san sunan farko ba, sai ka ga bawan Allah yana yawo da FNU a kati kamar sunan yanka.

Tikitin jirgi daga wannan layin ake kwafarsa. Za ka ga ABDULLAHI/MUHAMMADSANI MR, ko ma MR ɗin ya manne da sunan. Wannan ba kuskure ba ne, haka tsarin sayar da tikiti yake haɗe su. Kuskuren da ke hana hawa jirgi shi ne juya sunaye ko rubuta wani suna daban, misali Sani Gumel a tikiti, Abdullahi Muhammad Sani a fasfo. Kamfanoni sukan gyara harafi ɗaya ko biyu, amma sauya suna gaba ɗaya kamar mayar da tikitin ga wani mutum ne, yawanci ba su yarda. In wani ne zai yanka maka tikiti, hoton shafin fasfo za ka tura masa, kada ka faɗa masa suna a waya.

Rubutun harafi ma suna ne. Muhammad, Mohammed, Muhammed da Muhammadu a wajenmu mutum ɗaya ne, a wajen kwamfuta mutum huɗu ne. Moh'd da Muh'd ba su da gurbi a takardar hukuma. Abdulrahman in aka raba shi Abdul Rahman, tsarin zai ɗauki Abdul first name, Rahman middle name, wasiƙu su riƙa zuwa da sunan Abdul. Haka Ɗanmusa, Ɗan Musa da Ɗan-Musa. Laƙabin da ke bin suna ma bai kamata ya maye gurbinsa ba: Garba a takarda ɗaya, Abubakar a wata, ko Binta a nan Fatima a can, ba wanda zai gane a waje cewa abu ɗaya ne. Turawa ma suna da irin wannan, nickname suke ce masa. Bill Clinton sunansa William Jefferson Clinton, Tony Blair sunansa Anthony, Bob na Robert ne, Peggy na Margaret. Amma a fasfo cikakken sunan ake sawa.

Alhaji, Hajiya, Malam, Dakta da sarauta ba sa shiga gurbin suna. Suna da gurbinsu, title, in babu su a jerin zaɓi sai a ɗauki Mr ko abin da ya dace. Sai fa wanda Alhaji sunansa ne na gaskiya a takarda, kamar tsohon ministan kuɗi Abubakar Alhaji. Wajen kira kuma al'adun biyu sun juya wa juna baya. Mu Malam da Alhaji da sunan mutum suke tafiya, Malam Sani, Alhaji Garba. Su Mr, Mrs, Miss, Ms, Dr da Professor da surname suke tafiya. Kai Mr Abdullahi ne, ba Mr Muhammad ba, in kuma za ka rubuta wa malama mai suna Helen Carter wasiƙa, Dear Dr Carter za ka ce, ba Dear Dr Helen ba. Sir da Dame ne suka fita daban, su da sunan mutum suke tafiya. Shi ya sa ake cewa Sir Ahmadu ko Sir Ahmadu Bello, amma ba a cewa Sir Bello. In ta amsa maka da Dear Muhammad ta sa hannu Helen, ba raini ba ne, ta ba ka izinin kiran sunanta ke nan, ko da kunyar Bahaushe za ta sa bakinka ya yi nauyi. 'Yan Birtaniya sukan rubuta Mr da Dr ba ɗigo, Amurkawa da ɗigo.

Gurbin suffix na Amurkawa ne galibi. Jr. na ɗan da ya ci sunan ubansa ne cif, daga na farko har na gida, uban ya zama Sr., jika mai sunan ya zama III. Martin Luther King Jr. misali ne. George W. Bush kuwa ba Jr. ba ne, domin shi George Walker ne, mahaifinsa George Herbert Walker. Wanda aka yi wa takwara da kakansa ba Jr. ba ne. Ka bar gurbin fayau.

Waƙafi yana da aiki. In ka ga Abdullahi, Muhammad Sani, waƙafin yana shaida cewa an juya jeri, abin da ke gabansa surname ne. Haka ake jera sunaye a laburare, a jerin ɗalibai da a manazartar bincike, inda za ka zama Abdullahi, M. S. Mai niyyar wallafa bincike ya tsaya a kan siga ɗaya tun takardarsa ta farko, in ba haka ba aikinsa zai rabu gida biyu a rumbunan intanet. In kana rubuta sunanka a imel ko a takardar neman aiki, ka bi jerin Turawa, Muhammad Sani Abdullahi, ko ka rubuta surname da manyan baƙaƙe. Wanda ke hulɗa da takardun Nijar ko Faransa ya lura: nom shi ne surname, prénom shi ne given name, surnom kuma laƙabi ne duk da kamar da yake yi da kalmar Ingilishin. A can ma ana yawan fara rubuta nom, shi ya sa ake ganin Issoufou Mahamadou a wani wuri, Mahamadou Issoufou a wani.

Batun maiɗakinka: ba dole ba ne. A Ingila da Amurka ɗaukar sunan miji al'ada ce, ba doka ba. Sunan gidan mace kafin aure shi ne maiden name, a rubutu kuma ana nuna shi da kalmar Faransanci née, kamar Margaret Thatcher, née Roberts. Wasu matan suna riƙe nasu, wasu suna haɗa biyun da ɗan layi, abin da ake kira double-barrelled, wasu suna mayar da nasu tsakiya kamar Hillary Rodham Clinton. Mrs na matar aure ce, Miss na wadda ba ta yi ba, Ms kuma ya yaɗu tun shekarun 1970 don kada a bayyana ko ɗaya. Malamai da yawa suna kafa hujja da aya ta 5 ta Suratul Ahzab cewa a jingina mutum ga ubansa, ta fuskar takardu ma riƙe sunan uba ya fi arha, domin shaidar makaranta, NIN, BVN da fasfo duk za su zauna daidai ba tare da an taɓa ko ɗaya ba. In fom ya tambaye ta maiden name kuma ba ta sauya ba, sai ta maimaita surname ɗinta. In banki ya tambaye ka mother's maiden name, sunan gidan mahaifiyarka ake nema, ba sunanta na yanka ba. A wajenmu sunan mahaifinta ke nan, kuma ka tuna abin da ka rubuta, don da shi za su tantance ka wata rana.

In ka baje takardunka ka ga sun saɓa, ka gyara kafin ka biya kuɗin fasfo, ba bayan ya fito ba. Daga NIN ake farawa, domin hukumar shige da fice daga bayanan NIMC, hukumar da ke ba da NIN, take ɗaukar suna, JAMB ma tun 2021 da NIN ake rajistarta. Hanyar da aka saba ita ce rantsuwa a babbar kotu da ke jera sigogin sunan duka tana tabbatar da cewa mutum ɗaya ne, sai sanarwa a jarida in sauyi ne na gaske, sannan a kai wa NIMC, daga nan banki. A Birtaniya takardar sauya suna deed poll ake ce mata. Shaidar jarrabawar da ta riga ta fito tana da wuyar sauyawa, shi ya sa ya fi sauƙi a daidaita sauran takardu da ita, ko a riƙa haɗa ta da takardar rantsuwar duk inda za a miƙa ta. Bayan fasfo ya fito, da sigarsa za ka yi rajistar jarrabawar Turanci ta IELTS, da ita za ka cike fom ɗin jami'a, kuma in jami'ar ta turo maka bayanan CAS, wato shaidar ta karɓe ka, da ake neman bizar karatu da su, ka gwada sunan da na fasfo harafi bayan harafi. In ka ga bambanci ka rubuta musu su gyara kafin ka shigar da lambar CAS ɗin a fom ɗin biza.